Gawar Ranar Talata

Tun tana budurwa mutanen layin suke kiranta Anti Tela. Da furfura ta fara leƙowa sai aka koma Mama Tela, babu wanda ya nemi shawararta. Shagonta yana tsakanin mai aski da mai sayar da magani, faɗinsa bai wuce na keke biyu da teburin yanka ba. Kayan makaranta kaɗai take ɗinkawa. Takan ce masu kayan ado ba sa gamsuwa, yara kuwa laifinsu ɗaya ne, girma. Duk wandon da ya fito daga hannunta aljihunsa ninki biyu ne, don ta san abin da yara suke zubawa a ciki: dutse, murfin kwalba, guntun alli, wani lokaci har da ƙadangare.

Da wannan keken ta riƙe 'ya'ya biyu bayan rasuwar mijinta. Babban ya zama malamin lissafi, mutum mai son a yi komai a kan ƙa'ida. Auta kuwa ta shiga jami'a ta karanta wasan kwaikwayo, abin da Mama Tela ta daɗe ba ta san yadda za ta faɗa wa maƙwabta ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Harkar talabijin," ta taka keke da ƙarfi don kada a ƙara wata tambayar.

Ranar da Auta ta sami aikin farko, da rawa ta shigo shagon.

"Umma, an ɗauke ni! Shirin Sufeton nan na ranar Talata."

"Ke, madalla! Wace ce ke a ciki?"

"Gawa."

Mama Tela ta cire allurar da ke bakinta. "Wa?"

"Gawa, Umma. Wadda ake tsinta a farko, kafin a sa kiɗa."

"Duk shekarun nan ina taka keke don ki je ki koyi kwanciya? Ai tun kina zanin goyo kika iya wannan."

"Tsani ne, Umma, daga ƙasa ake fara hawa. Wata rana ni ce Sufeto."

"Lallai kam kin fara daga ƙasa."

Shirin na masu binciken kisa ne, kuma kusan kowane mako mace ake tsinta: a ƙarƙashin gada, a bayan otal, a but ɗin mota, a banɗakin wani ofis. Auta doguwa ce siririya, fuskarta kuma irin mai karɓar kowace kwalliya. A canza mata gashi, a karkatar da kanta gefe, sai ta zama wata. Darakta ya ga ya tsinci dami a kala. Ta mutu tana ɗaliba, ta mutu tana ma'aikaciyar banki, ta mutu tana matar attajiri, ta mutu tana wadda har aka gama shirin ba a gano sunanta ba. Abokan aiki suka raɗa mata Marigayiya, ita kuma tana amsawa.

Duk Talata da yamma su ukun sukan zauna a falo, Auta da faranti a cinya tana yi musu darasi da cokali.

"Umma, lura da kyamarar nan. Da namiji aka kashe, da tuni an lulluɓe shi da farin ƙyalle, takalminsa kawai za ki gani. Amma dubi nan. Daga yatsun ƙafa take farawa, ta hau a hankali kamar mai taya kaya a kasuwa."

"Ni ki rufe min baki, ba na son gani."

"A shirin nan aikin mace uku ne. A kashe ta, ko ta yi kukan wadda aka kashe, ko ta kawo wa Sufeto shayi."

Babban ya ce, "To ki nemi na shayin mana. Aƙalla shi a tsaye ake yin sa."

"Ƙanwar matar darakta ce ke riƙe da butar, Yaya. Wannan kujerar sai dai gado."

Kundin da ta rubuta a ƙarshen karatunta ma a kan haka yake: yadda irin waɗannan shirye-shirye suke buɗe labari da jikin mace, sannan su miƙa maganar gaba ɗaya ga maza. Malaminta ya yaba, ya ba ta maki mai kyau. Ga ta kuma yanzu kwance a tsakiyar abin da ta rubuta. Da aka ce za a ƙara Saje mace a shirin, ta je ta roƙi a gwada ta. Darakta ya yi dariya ya ce masu kallo sun saba ganinta a kwance, in ta miƙe ta riƙe bindiga za su ce fatalwa ce. Ta kai kanta wasu wurare, can ma sun san ta, kuma abin da suka san ta da shi suka yi mata tayi. Gaba kura, baya siyaki. Ta ci gaba da tashi da sassafe tana zuwa a shafa mata toka a leɓe.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ta. Babu wuƙa, babu igiya, babu wanda za a kama. Ya fara kamar na kowa, ya ƙi sauka, aka kwantar da ita a asibiti, ba ta fito ba. Mama Tela ce ta rufe mata ido. Akwai abin da ya tsaya mata a rai wanda ba ta gaya wa kowa ba: Auta ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikin gawarwakin talabijin ba. Leɓenta ya tsage, kumatunta sun faɗa, gashinta ya cukurkuɗe a bayan kai. Babu wanda ya gyara mata kwanciya.

Wayarta a kulle take da lambar da ita kaɗai ta sani. Babban ya kai wa mai gyara, mai gyara ya buɗe ta, amma da abin da ke ciki duka ya tafi. Aka miƙo musu waya wayam kamar sabuwa. Hotuna dai akwai a gidan: na kammala karatu a bango, na katin makaranta, wani da aka ɗauka a gaban shago tana riƙe da almakashin uwarta. Duka a tsaye suke cak.

Bayan 'yan watanni gidan talabijin ya fara maimaita tsofaffin kashin shirin. Ba Talata kaɗai ba, har da rana tsaka, duk inda suka sami gurbi sai su cike da shi. Wata rana Mama Tela ta leƙa wurin mai aski don ta ce ya rage hayaƙin janaretansa, idonta ya faɗa kan talabijin ɗin da ke saman madubi. Ƙafa ce a cikin kwata. Tun kafin kyamarar ta kai gwiwa ta gane ta, saboda tabon salansar babur da ke saman idon sawu. Mai aski ya saki kan da yake yi rabi, ya hau neman rimot a cikin tawul-tawul.

"Mama, ki yafe ni. Wallahi ban lura ba."

"Me ka yi? Gama wa bawan Allah askinsa, ka bar shi kamar gonar da aka fasa nomewa."

Daga ranar, da zarar kiɗan shirin ya tashi sai mai aski ya kashe sautin. Bai san cewa shirun ya fi kiɗan faɗa mata ba. Tana cikin ɗinki sai ta ji bangon ya yi tsit, ta san yanzu ana hawa daga yatsu zuwa wuya. In ta je biyan kuɗin wuta, talabijin na rataye a saman layi. A ɗakin jiran likita akwai, a tashar mota akwai. Wata mai kawo ɗinki ta taɓa cewa, "Mama, jiya na ga Auta, wallahi kamar..." sai ta haɗiye sauran, ta hau yabon botin.

Babban ya ɗauki hutun rabin yini ya je wurin manajan gidan talabijin. Aka ba shi kujera, aka yi masa ta'aziyya, aka ce marigayiyar da hannunta ta sa hannu, shirin mallakar gidan ne, kuma mutane suna son sa. Ya dawo yana huci, ya zare talabijin ɗin falo ya ɗora a saman kabad, fuskarsa na kallon bango.

"Ba za a ƙara kashe min ƙanwa a gidan nan ba, Umma."

Mama Tela ta bi talabijin ɗin da ido. Ta yaya za ta gaya masa cewa in bangon mai aski ya yi tsit, ita ma tsayar da keke take yi? Cewa wani lokaci takan fita kamar za ta zubar da ƙyallaye, ta tsaya daidai inda madubinsa ke nuno talabijin ɗin, tana jiran ko yatsa ɗaya zai motsa? Ta fara manta wani abu, shi ne ya tsorata ta. In Auta za ta yi dariya, gefe ɗaya na bakinta ne yake fara ɗagawa. Wata safiya tana yanka siket ta nemi ta tuna ko hagu ne ko dama, ta kasa. Ta ajiye almakashi. Ita yanzu ba neman a daina nunawa take yi ba. Abu ɗaya take so, ta ga 'yarta tana motsi.

Kashegari ba ta buɗe shago ba. Ta hau mota ta tafi gidan talabijin, ba ta gaya wa Babban ba.

Daga mai gadi aka tura ta wurin mai karɓar baƙi, daga nan zuwa bene na biyu, daga bene na biyu aka ce ai ƙasa ne. A wani dogon baranda ta yi kiciɓis da darakta, gajeren mutum mai waya biyu a hannu. Da aka gaya masa ko ita wace ce, ya rusuna.

"Allah ya jiƙan Mari..." Ya yi tari. "Allah ya jiƙan Auta, Mama. Ƙwararriya ce. Har yau ba mu sami mai kwanciya irin tata ba."

"Na gode. Ina son in ga inda take magana."

"Magana?" Ya dubi waya ɗaya, ya dubi ɗayar. "Ai ita ba a... Bari dai a kai ki wurin edita."

Ɗakin edita ba shi da taga. Sanyin na'ura ya cika shi, ga allon kwamfuta biyu, ga kwalaye jibge a ƙarƙashin tebur. Editar mace ce, sa'ar Babban, sanye da rigar sanyi, idonta ya yi ja da kallon allo. Ta ba Mama Tela kujerarta, ita ta zauna a kan kwali. Ta saurari buƙatarta har ƙarshe.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba. Ba a kunna kyamara sai an gama shirya ta a ƙasa. Kafin ta tashi kuma an kashe. Abin da ya rage, wanda ba a sa a shiri ba, goge shi ake yi duk ƙarshen zango, don a sami wurin zuba sabo."

"Wa yake gogewa?"

"Ni." Ta murza yatsunta. "Aikina a kanta ma shi ne in tabbatar ba ta motsa ba. In ido ya ƙifta, in yanke. In ƙirji ya ɗaga, in yanke. Takan leƙo nan ta ce, 'Anti, yau sau nawa na tashi daga matattu?' In ce ta fita ta ba ni wuri."

"Haka take, ba ta da kunya."

"Ko kaɗan."

Mama Tela ta fara gyara jakarta za ta miƙe. Editar ta ce ta dakata. Ta durƙusa ta jawo wani kwali daga can ƙurya, ta fito da wani ƙaramin akwatin ajiyar hotuna, baƙi, duk ƙura. Ta ce wannan tun zangon farko wayar haɗa shi da kwamfuta ta ɓata, shi ya sa bai shiga layin gogewa ba. Ta fita, ta daɗe, ta dawo da wayar aro.

Suka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Editar tana gudu da hoton, mutane suna ta zirga-zirga kamar tururuwa, Sufeto ya durƙusa ya miƙe, likita ya buɗe jaka ya rufe, a tsakiyarsu kuma abu ɗaya ne ba ya motsi. Auta a bayan otal. Auta a kan teburin ƙarfe. Wata yarinyar daban a cikin mota. Auta a kan matakala, kai a ƙasa. Sanyin ɗakin ya shiga gwiwoyin Mama Tela. Editar ta tambaye ta ko a tsaya ta huta, ta ce a ci gaba.

Can editar ta ɗage hannu. "Tsaya. Wannan ya fi sauran tsawo."

Ƙarƙashin gada ne, rana ta yi yamma. Auta na kwance a kan yashi cikin jar riga da gajeren siket, hannu ɗaya a miƙe. Sufeto ya shigo da doguwar rigarsa yana kallon nesa, yana cewa wanda ya yi wannan ya san wurin. Ya ƙara taku ɗaya.

"Wayyo!"

Gawar ta tashi zaune tana yarfe hannu.

"Yallaɓai, gawa ma tana da haƙƙi! Ka taka min yatsa!"

Dariya ta ɓarke a bayan kyamara, hoton har yana rawa. Sufeto ya dafa gwiwa yana ba da haƙuri. Auta ta dube shi da jinin ƙarya a wuya, tokar nan a leɓe, ta ce da wannan idon ne zai kama mai kisa? Sannan ita ma ta fashe da dariya. Hagu ne. Gefen hagu ne ya fara ɗagawa.

Mama Tela ba ta yi kuka ba. Ta dafa bakin tebur da hannu biyu.

Hoton bai tsaya ba. Auta ta tsotsi yatsan, ta karkaɗe yashi daga gwiwar hannu, ta ja siket ɗin ƙasa ta rufe gwiwoyinta, ba tare da ta ma san ta yi ba. Sai muryar darakta ta fito daga gefe.

"Marigayiya, koma ki kwanta, rana na tafiya. Kuma mayar da siket ɗin yadda yake."

Dariyar ta sauka daga fuskarta a hankali. Ta dubi wajen muryar kamar za ta ce wani abu. Ta kama bakin siket ɗin da kanta ta mayar da shi sama, ta kwanta, ta miƙa hannun daidai inda yake ɗazu, ta rufe ido. Wata ta shigo da sauri ta baza mata gashi a kan yashi. Allon ya yi baƙi.

Editar ta dubi ƙofa, ta tashi ta murza makulli.

"Ba a yarda a fitar da komai daga ɗakin nan ba, Mama." Ta zuge jakarta ta ciro ɗan filashin kwafar hotuna, guntu kamar yatsa. "Wannan nawa ne, ba na gidan ba. Zan yanke miki inda kike so. Daga inda ta tashi, ko?"

"Daga nan."

"Zuwa ina?"

Mama Tela ta matso da kujera. Shekara da shekaru tana yanka, ta san ba a sa almakashi sai an auna.

"Kai ni inda ta rufe gwiwarta."

Editar ta kai. Auta na zaune, hannu biyu a bakin siket, sauran dariya a fuska.

"Nan?"

"Ƙara kaɗan. Ban ga ta ɗago kai ba."

Editar ta matsa gaba da yatsa ɗaya. Auta ta ɗago kai, amma tare da ɗagowar aka ji farkon muryar, "Mari..."

"Koma baya."

Ta koma. Kan ya sake sunkuyawa.

"Ba za a iya samun fuskar ba tare da muryarsa ba?"

"Zan iya kashe sautin wurin."

Aka kashe. Auta ta ɗago kai cikin shiru, idonta ya tafi gefe, dariyar ta fara sauka. Ko babu muryar, fuskar ta ji ta.

Mama Tela ta daɗe tana kallo. Suka je gaba, suka dawo baya, suka sake zuwa. Tsakanin sunkuyawar da muryar babu ko faɗin zare.

"Yanke tana sunkuye," in ji ta.

Editar ta yanke. Abin da ya fito tsawonsa bai kai lokacin shanye kofin ruwa ba. Ta kunna mata shi daga farko: ihu, yatsa, Yallaɓai, dariya, hannu biyu a kan gwiwa. Ta zuba a filashin ta danƙa mata a tafin hannu, ta rufe mata yatsu a kai.

"Sauran fa?" in ji Mama Tela.

"Wanne?"

"Inda ta mayar, ta kwanta."

"Wannan zan goge shi yau, in kina so. Amma wanda aka sake ɗauka bayansa, shi ne wanda ya shiga shirin." Editar ta dubi takardar da ke manne a bango, ta kawar da kai. "Yana cikin na makon nan."

Mama Tela ta gyaɗa kai. Ta yi mata godiya, ta sa mata albarka, ta tambaye ta ko tana da yara 'yan makaranta. Editar ta ce biyu. Mama Tela ta ce ta kawo su a auna su.

Ta bi dogon barandan ta fito ɗakin karɓar baƙi, filashin a dunƙule a hannunta, ba ta yarda ta sa shi a jaka ba. Mutane na zaune a jere suna jira, duk sun ɗaga kai sama. Kiɗan ya riga ya tashi. Ta tsaya ta duba ko akwai wata hanyar fita. Babu. Ƙofar ɗaya ce, kuma a ƙarƙashin talabijin ɗin take.